Ka goge dataset, amma bayanan na nan daram

Abin da ke ba ni mamaki shi ne har cikin ma'aikatan kwamfuta akwai masu ɗauka in ka goge fayil a mainframe, wato babbar kwamfutar manyan ma'aikatu, shikenan ya tafi. Ina! A z/OS, manhajar da ke tafiyar da mainframe na IBM, in ka goge dataset, wato fayil, VTOC ake taɓawa, wato ɗan jadawalin da ke nuna inda kowane abu yake a kan diski. An cire suna, amma bayanan suna kwance abinsu sai ranar da wani abu ya hau kansu. RACF, manhajar tsaro ta z/OS, na da tsarin erase-on-scratch da ke shafe wurin a lokacin gogewar, sai dai wasu kan bar shi a kashe wai yana jan aiki.

To ka ce bari ka yi da gaske, ka ɗauko ICKDSF, manhajar gyaran diski, ka sa umarninta na TRKFMT ya bi layukan diskin yana rubutu a kansu don danne tsoffin bayanan. Madalla. Amma fa diskin da mashin ke gani, samfurin 3390, ba diski ba ne na gaske, kwaikwayo ne, a cikin akwatin ajiyar bayanai irin DS8000 an daddatsa shi an watsa a kan diski da yawa ta hanyar tsarin da ake kira RAID, ga cache, wato ma'ajiyar wucin-gadi, ga kwafin diski na FlashCopy da wani ya ɗauka tuntuni ya manta, ga kwafin da ake turawa wata cibiyar don ko-ta-kwana. Kuma wanda ya fi damuna, diskin da ya mutu bara aka zare shi aka mayar wa kamfanin da ya ƙera shi, wa ya goge shi? Umarninka ba zai taɓa kaiwa can ba, alhali guntun bayanan kwastomomi na ciki.

Shi ya sa gardamar sau nawa za a rubuta a kan tsoffin bayanan ba ta burge ni. Wannan ya ce sau uku kamar yadda ake dangantawa da DoD 5220.22-M, ƙa'idar ma'aikatar tsaron Amurka, wancan ya kawo sau 35 na Peter Gutmann, wanda tun 1996 ne kuma don diskin wancan zamanin. NIST 800-88, ƙa'idar hukumar ma'aunai ta Amurka, bugun 2014, ta nuna sau ɗaya ma ya isa ga diskin maganaɗisu na yanzu, in dai an duba an tabbatar. Diskin filash (SSD) kuwa wani labari ne, yana ɓoye wasu wurare da rubutunka ba ya isa, na'urar kashe maganaɗisu ma ba ta yi masa komai.

Ni dai shawarata a kunna ɓoye bayanai (encryption), wato rikita su yadda sai da makulli za a karanta, tun ranar da aka jona akwatin, kafin komai ya shiga. Ranar sallama sai a lalata makullin, abin da ya rage shirme ne da ba mai iya karantawa, har da wancan mataccen diskin. Amma kafin ka sa hannu a takardar cewa an goge, je ka tambayi mai kula da sabar makullai ko ya ajiye kwafin makullin a wani wuri.