Laraba, a hanyar wankin ƙoda

Tun ƙarfe biyar na asuba na ɗauki dattijon nan da nake kaiwa wankin ƙoda sau uku a mako. Shekara biyu ke nan ina wannan aikin na jigilar marasa lafiya a Dalas, kuma duk cikin mutanena babu mai son Cowboys, ƙungiyar ƙwallon Amurka ta Dalas, kamarsa. Hularsa mai tauraro ta koɗe, amma ba ya rabuwa da ita. Yau da na naɗe kekensa na sa a bayan mota, sai ya tambaye ni ko na taɓa jin labarin Everson Walls da Ron Springs. Na ce a'a, Baba. Ya ce to in rage rediyo.

Su biyun sun buga ƙwallon Amurka tare a Cowboys daga 1981 zuwa 1984, shekara huɗu kacal. Springs yana cikin masu kutsawa da ƙwallo, yana buɗe wa tauraron ƙungiyar, Tony Dorsett, hanya. Walls kuwa ɗan baya ne da babu ƙungiyar da ta zaɓe shi ranar zaɓen sababbin 'yan wasa, amma a shekararsa ta farko ya cafe ƙwallo 11 daga jifan abokan hamayya, ya fi kowa a gasar. Daga baya kowa ya kama gabansa, Springs ya tafi Tampa Bay, Walls ya je ya ci kofi da New York Giants. Amma gidajensu ba su rabu ba, 'ya'yansu tare suka tashi.

Sai ciwon suga ya kama Springs. Aka yanke masa ƙafar dama, ƙodojinsa suka daina aiki, ya koma kan injin nan da Baba yake zama a kai awa huɗu. Ɗansa Shawn, wanda a lokacin yake tsakiyar buga gasar, ya ce zai ba da tasa, uban ya ƙi, don kada ya kashe wa yaron sana'a. A farkon 2007 Walls ya kwanta aka cire masa ƙoda ɗaya aka dasa wa abokinsa, fiye da shekara ashirin bayan wasansu na ƙarshe tare.

Nan Baba ya yi shiru har muka wuce danja biyu. Sannan ya ƙarasa: a watan Oktoba na shekarar aka shiga da Springs wata ƙaramar tiyata a gwiwar hannu, zuciyarsa ta tsaya, ya faɗa dogon suma. Bai farfaɗo ba har ya rasu a Mayun 2011. Walls bai daina zuwa gaishe shi ba.

Wannan zuwan ne ya tsaya mini a rai duk yinin yau, ya ma fi ƙodar. Kyautar ƙoda rana ɗaya ce, jaridu sun ɗauka, an tafa. Amma ka je ka zauna gefen gadon mutumin da ba zai amsa sallamarka ba, ka koma gida, wani makon ka sake dawowa, wannan ban san sunan da zan ba shi ba sai amana.

Ina jiran Baba a wajen ajiye motoci sai golanmu ya faɗo mini. Shekara shida muna buga ƙwallon unguwa tare a Kano, a filin makarantar firamare, turakun raga na gora. Tun bara aka faɗa a zaurenmu na WhatsApp cewa hawan jini ya kwantar da shi, ɓarin jikinsa ɗaya ba ya motsi. Na tura kuɗi, na rubuta Allah ya ba da lafiya. Ban kira ba. Kullum sai in ce bambancin lokaci ne, alhali tsoron jin muryarsa nake yi.

Ƙarfe uku na rana na kira, tara na dare a can. Matarsa ce ta ɗauka, ta kara masa wayar a kunne. Na ce, "Gola, ya jiki?" Maganarsa tana fita da ƙyar, amma ya gane ni nan take. Ya ce, "Lamba biyar, sai yau?" Na ce ya yafe mini. Mun yi minti arba'in, rabi dai ni nake ta zuba, ina tuno masa fanaretin da ya kaɗe ranar da aka yi ruwan nan har filin ya zama taɓo.

Mun ajiye magana kan kowace Juma'a, in an sauko daga masallaci a can. Zai kama ƙarfe tara na safe a nan, Baba yana kan inji, ni ina mota ina jira.