Fata da ƙaho daga farautar ƙetare: kuɗin da ke biyo bayan harbi kafin kaya su iso Sakkwato

Wanda zai je farauta Afirka ta Kudu ko Namibiya yakan lissafa tikitin jirgi, da masauki, da kuɗin kowace dabbar da zai harba, ya ɗauka ya gama. Tsugune ba ta ƙare ba. Kan kudu (wata babbar barewa mai murɗaɗɗen ƙaho) da aka ɗauki hoto da shi ba ya biyo mutum a jaka. Can ake barinsa, ya bi ta hannun mai fiɗa, da majemi, da mai taksidami (mai ɗora fata a kan ganga ta koma kamar dabba mai rai), da likitan dabbobi na gwamnati, da kamfanin jigila, da ejan na kwastan, kowa da tasa takardar kuɗi. Idan dabbobin ƙanana ne irin barewar impala, kuɗin aiki da na dako kan wuce abin da aka biya na harbin kansa.

Yawancin shawarwarin da ke intanet Amurkawa ne suka rubuta wa junansu. Sukan ce a busar da fata da gishiri, a tsoma ta a magani, a aiko ta ɗanya, a ɗora ta a gida. Su suna da masu taksidami a kowane gari. Mu a Sakkwato majema muke da su da dukawa, gwanaye kuwa, amma aikinsu daban ne. Wannan bambancin shi ya kamata ya yanke wa mutum abin da zai ce a yi masa tun yana daji.

Lalacewar fata a ranar farko take farawa. Da dabba ta faɗi, ƙwayoyin cuta ke kama cin saiwar gashi, zafi kuma na ƙara musu gudu. Fatar da ta yi awanni a bayan mota cikin rana za ta iya yin kyau a ido, sai an jiƙa ta wurin jima bayan wata uku gashin ya riƙa zubowa guntu-guntu. Ba ta da gyara, sai dai a sayi wata. Don haka a feɗe da wuri, a inuwa, kuma kada a ja dabba a ƙasa, ja na cinye gashin kafaɗa.

Idan kai da wuya za a ɗora a bango, mai fiɗa zai zagaye gangar jiki da wuƙa can bayan ƙafafun gaba, ya tsaga ta bayan wuya zuwa tsakanin ƙahoni. Fatar da ta yi tsawo ana rage ta, wadda ta gaza kuwa ba a ƙara ta. A nan akwai abin da ya shafe mu musamman: yanka. Musulmi yakan so a yanka dabbar da aka tarar da sauran rai, yankan maƙogwaro na gicciye kuma yana barin tabo a gaban wuya, daidai inda ido ke fara sauka. A faɗa wa maharbin da ke jagora tun kafin a fita, a yi yankan da wuƙa mai kaifi a sawu ɗaya, a wanke jinin da ruwan sanyi nan take. Yanka mai tsafta mai taksidami zai ɗinke shi ya ɓace cikin gashi, wanda aka yi ta gurzawa shi ke ba da wahala.

Fuska ce wurin haƙuri. Sai an juya kunnuwa ciki waje har baki, an tsaga leɓɓa an buɗe su, an rage naman hanci da na fatar ido, domin gishiri ba ya ratsa nama mai kauri. Gishirin ya zama mai laushi, sabo, a zuba kusan nauyin fatar kanta, a murza shi cikin kowane lungu. A bar ta a karkace ruwa ya tsiyaye na kwana ɗaya, a kakkaɓe, a sake zuba sabo, sannan a shanya a inuwa inda iska ke wucewa. A naɗe ta gashi a ciki tun ba ta ƙame ba, domin wadda ta ƙame tana karyewa a wurin naɗi. Jakin dawa da sauran masu kitse sai an kankare kitsen tas, in ba haka ba ya ƙona fatar ta yi rawaya.

Ƙoƙon kai kuma yawan dafawa ke kashe shi. Tafasa mai ƙarfi na fasa haƙora, ta zubar da siraran ƙasusuwan hanci, ta dusashe gindin ƙaho. A kudu da mariri ana zare ƙahon daga ƙashin da ke cikinsa a wanke naman da ke tsakani, in an bar shi zai yi wari ya kira ƙwari. Da haidirojin feroksaid ake farar da ƙashi. Bilicin wanki yana ci gaba da cin ƙashin har ya koma gari. Kowace fata da kowane ƙaho a ɗaura masa alama mai sunanka da lambar dabbar, ka ɗauki hotonsu kafin ka bar sansanin, saboda kayan mafarauta da yawa ne ke kwana a rumfa ɗaya.

Daga nan sai zaɓi. Ana iya kawo fata ɗanya, ana iya jeme ta can da gashinta a kawo ta shimfiɗa tare da ƙoƙon kai, ana kuma iya ɗora ta gaba ɗaya a kan gangar kumfar roba mai tauri, da idon gilashi, da yumɓu a kewayen ido da hanci. Ɗanyar ita ce mafi araha a dako, kuma ita ce mafi rashin dacewa da mu. Jimar gargajiya tana farawa ne da toka ko farar ƙasa don tuge gashi, wato abin da ka biya daloli a kansa. Masu yin buzu sun san jima da gashi, amma bagaruwa tana rina fata, za ta iya ɓata farin zanen jakin dawa, kuma fatar da za a ɗora a kan ganga tana bukatar a fiƙe ta da inji ta yi siriri ta riƙa miƙewa. Ga wani tarko: ɗanyar fata tana cikin kayan da kwastan ta hana fitarwa daga Nijeriya, don haka wanda ya shigo da ita ya rasa mai aiki ba zai mayar da ita waje cikin sauƙi ba. Ban da haka, jami'an kiwon lafiyar dabbobi sun fi tsananta wa ɗanyen kaya. A ganina duk abin da zai zo Sakkwato ya zo a gamamme.

Inda dukawanmu ke da amfani shi ne fatar baya, wadda ta rage bayan an cire ta kai da wuya. A sa a jeme ta can, ba ta cin wuri a akwati, a nan kuma a yi tumtum ko matashi ko jaka da ita, da ɗinkin da ya fi na can kyau.

Masu taksidami yawanci suna karɓar rabin kuɗi kafin su fara, sauran in sun gama, aikin kuma kan ɗauki wata shida zuwa shekara, wani lokaci fiye. Wanda kuɗinsa naira ne ya tuna cewa rabin na biyu da kuɗin dako da canjin ranar biya za a biya su. A nemi hoton kowane kai kafin a rufe akwati, a duba idanu ko sun daidaita, da gindin ƙaho ko fata ta rufe shi.

Yanzu dako, inda gizo ke saƙar. Jirgin sama ba nauyi kaɗai yake sayarwa ba, wuri yake sayarwa. Ana auna tsawo da faɗi da tsayin akwati da santimita, a ninka su, a raba da 6,000. Abin da ya fito a gwada shi da nauyin sikeli, wanda ya fi yawa shi ake biya. A ce akwati mai kawuna uku ya kai 150 da 110 da 120. Lissafi ya ba da kilo 330, ko da sikeli ya nuna 90 kacal, domin kumfa ba ta da nauyi kuma rabin akwatin iska ce tsakanin ƙahoni. Dabbobin nan uku, in ƙoƙon kai da jemammiyar fata ne, za su iya shiga akwati mai 120 da 70 da 60, wato kilo 84. Idan aka ƙaddara dala 7 a kowane kilo, don misali kawai, na farko dala 2,310 ne, na biyu 588. Rage santimita 10 a kowane ɓangare na babban akwatin yana sauke shi zuwa kilo 257, an tsira da dala 500 da ɗoriya.

Shi ya sa ake cewa mai taksidami ya yi ƙahonin kudu da mariri masu cirewa, a kwantar da su a gefe, a mayar a gida. Kan da ya waiwaya gefe ya fi cin wuri a kan wanda ke kallon gaba. Dabba sukutum a tsaye kuwa, sai wanda ya shirya. Kada a amince da farashi sai an ga awon akwatin a rubuce, a kuma tambaya ko ya haɗa da kuɗin akwatin kansa, da takardu, da ƙarin kuɗin mai, da inshora, da ɗauka zuwa filin jirgin OR Tambo na Johannesburg ko Hosea Kutako na Windhoek. Akwatin ya zama na filawud, ko katako mai hatimin ISPM 15 da ke nuna an gasa shi ko an kashe ƙwarinsa da magani. Kawunan a ɗaure su da sukurori a jikin bangon akwatin ta baya, kada komai ya taɓa gashi. Jirgin ruwa da mita kubik yake lissafi, yana sauƙi ga kaya masu yawa, amma makonni cikin kwantena mai zafi da laima suna kawo fumfuna, ga kuɗin tashar Apapa.

Ba kowane jirgi ke ɗauka ba ma. A 2015 Emirates ta daina ɗaukar kayan farautar giwa da karkanda da zaki, a watan Agusta na shekarar kuma, bayan kisan zakin nan Cecil a Zimbabwe, Delta da United da American suka hana na zaki da damisa da giwa da karkanda da ɓauna. Kamfanin jigila ya faɗa maka jirgin da zai ɗauka da inda zai yada zango.

Takardu kafin harbi ake fara su. Yarjejeniyar CITES, wadda ke kula da cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, ta fara aiki a 1975, Nijeriya na cikinta tun lokacin. Kudu da impala da jakin dawa na fili ba sa cikin jerinta, lasisin farauta da izinin fitarwa da takardar likitan dabbobi suke bukata. Zaki da dorina da jakin dawan dutse na Namibiya suna jeri na biyu, raƙumin dawa ma ya shiga a 2019, duk sai da izinin fitarwa na CITES. Damisa tana jeri na ɗaya, sai ƙasar da za a kai ta ta ba da izinin shigowa tukuna. Izinin fitarwa wata shida yake yi, don haka kada a karɓe shi tun aiki bai kusa kammaluwa ba. A gida kuma akwai dokar dabbobin da ke barazanar ƙarewa ta 1985, da aka yi wa gyara a 2016, mai nata jerin dabbobin da ta haramta cinikinsu. Izinin CITES daga Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya yake fitowa, hukumar kare muhalli ta NESREA na sa ido, hukumar NAQS ke duba kayan dabbobi a bakin shigowa. A rubuta musu sunan kowace dabba, a sami amsa a rubuce kafin a biya kafin alƙalami. Lamba ɗaya da ta saɓa tsakanin alamar fata da takarda ta isa a riƙe akwatin gaba ɗaya.

Kayan galibi Legas suke sauka. Ejan ya sami kwafin takardu kafin jirgi ya taso, domin kuɗin ajiya kullum ƙaruwa yake. Kwastan kan ɗora haraji a kan darajar kaya haɗe da inshora da dako, ga harajin VAT na kashi 7.5 a kai, wato babban akwati sau biyu yake cizo. In an buɗe don bincike, a tabbata an mayar da sukurorin. Daga Legas zuwa Sakkwato tafiyar kusan kilomita dubu ce. A nemi mota rufaffiya, akwatin ya tsaya yadda kibiyarsa ta nuna, kada a ɗora masa buhu, kuma a auna ƙofar gida tun kafin motar ta iso.

Batun ajiye dabbar da aka ɗora a falo malamai sun yi magana a kai, haka ma hukuncin fatar mushe bayan jima, wadda mazhabar Malikiyya ke tsanantawa. Mutum ya tambayi malaminsa kafin ya kashe kuɗi. Haƙoran gadu kuwa, alade ne, kowa ya sani.

Yanayin Sakkwato ba ya raga wa fata. Zafin Maris zuwa Mayu da ke haura digiri 40 da bushewar hunturu suna sa ta tsuke, tsagewa kuma daga gefen ido da hanci da bakin kunne take farawa. A rataye a bangon da rana ba ta bugawa, nesa da taga da bakin na'urar sanyaya ɗaki, da kusa mai fulogi a cikin bulo, ta ɓauna ma guda biyu. Ƙura a share ta da tsumma mai laushi ana bin kwanciyar gashi, ba ruwa ba mai. Da damina ƙwari ke shigowa. A riƙa duba gindin ƙaho da bayan kunne duk wata, in an ga gari kamar dusa a ƙasa ko gashi na fita da an shafa, a sauke kan a ware shi daga sauran. Ƙaramin abu a ƙulle shi a leda a sa a firiza mai sanyin digiri 18 ƙasa da sifili na mako biyu, muddin wuta za ta tsaya. Babba sai mai feshi, a gwada maganin a bayan wuya tukuna a ga ko zai canza launin gashi.