Yadda yaro ke auna 'yan katun

Ɗan shekara 3 da ido yake yanke hukunci. Mai manyan idanu da fara'a nagari ne, mai zaƙo-zaƙon haƙora kuwa mugu ne, ko da shi ya ceci kowa. Sai wajen shekara 5 zuwa 6 yake fara duba niyya: da gangan ya fasa tulun, ko tuntuɓe ya yi?

Abin da ke damuna a gidajenmu na Zariya shi ne a miƙa wa yaro waya a tafi. Katun ɗin da Turanci yake, yaron bai ji dalili ba, dukan da ake yi kawai ya gani, sai ya gwada a kan ƙanensa. Iyaye, ku tsayar da bidiyon, ku tambaye shi: "Me ya sa ya yi haka?" Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kallon waya ko talabijin da ɗan shekara 2 zuwa 4 zai yi kada ya wuce awa 1 a rana.