Ranar da na goge aikin mutum uku da umarni ɗaya

Juma'ar nan zan bar ofishin da na yi shekara huɗu a cikinsa, kuma duk abin da na zauna tunawa sai ya mayar da ni kan wata Laraba guda.

Git shi ne tsarin da masu rubuta manhaja suke ajiye tarihin aikinsu a ciki. Na shigo aiki ina amfani da manhajar Git mai maɓallai, irin wadda take zana maka rassan aiki da launuka, kana ganin inda wannan ya rabu da wancan da inda suka sake haɗuwa. Da ita na koyi aikin, kuma ban taɓa ɓata wa kowa komai da ita ba. Shugaban sashenmu kuwa ko ganinta ba ya son yi. In ya ratsa ta bayan kujerata ya hango launukan, sai ya ɗaga murya ya ce, “Malam, har yanzu zane-zane kake yi? Injiniyan gaske baƙin allo yake buɗewa.” Wato allon da ake rubuta wa kwamfuta umarni kai tsaye. Yakan ƙara da cewa Linus Torvalds bai rubuta Git a 2005 don masu danna linzami ba. Gaskiya ne da rubuta umarni Git ya fara, lokacin da masu gina Linux suka rasa BitKeeper, manhajar da suke ajiye tarihin aikinsu a ciki kafin nan. Abin da Oga bai taɓa faɗa ba shi ne gitk, wadda aikinta ke nan zana tarihin rassa, tana tare da Git tun shekararsa ta farko.

Kunya ce ta sa na cire manhajar daga kwamfutata, ba fahimta ba. Na haddace umarni biyar zuwa shida, ina buga su kamar mai karatun da bai san fassararsa ba.

Ranar Larabar, da yamma, na gama gyara na zo turawa reshen develop da dukkanmu muke aiki a kai. Git ya ƙi. Ya rubuto cewa akwai aiki a saba, wato kwamfutar da ke riƙe aikin kowa, wanda ba ni da shi a wurina. Da a tsohuwar manhajata ne, da ido zan ga layina ya yi gefe, na abokan aikina ya yi gaba da komit tara, wato gyara tara da aka ajiye a tarihin aikin. A baƙin allo kuwa layukan Turanci kawai na gani, ga Oga yana tsaye yana tambayar me ya hana ni gamawa. Na tuna na taɓa ganin ya ƙara --force a ƙarshen git push, abu ya wuce. Na ƙara. Ya wuce.

Abin da wannan kalma take yi shi ne ta ce wa saba ta manta da tarihin da ke wurinta ta karɓi naka. Aikin kwana biyu na mutum uku ya fita daga reshen, har da gyaran wata matsalar biyan kuɗi da abokiyar aikina ta kwana tana yi. Na'urar da ke ɗora manhaja kai tsaye ta kwashi abin da na tura ta kai shafin gwaji, washegari da safe abokin ciniki ya buɗe ya tarar da matsalar da aka ce masa an gyara. Kafin a gano tushen abin, ita ma ta ga reshenta ya saɓa da na saba, ta buga git reset --hard don ta daidaita, nata kwafin ya ɓace daga gabanta. Har yau ina tuna yadda ta cire tabarau ta ajiye a kan tebur, ba ta ce da ni uffan ba.

Baƙin allon ne ya cece mu, wannan ba zan ɓoye ba. Git yana riƙe da rajistar duk inda kan reshe ya taɓa tsayawa a kwamfutarka, kuma komit ɗin da ya ɓace ma yakan zauna a ciki har kwana 30 in ba a sauya saitin ba. Muka buga git reflog a kwamfutarta, muka bi layi-layi har muka ga lambar komit ɗinta na ƙarshe, muka dawo da komai.

A taron ranar Alhamis Oga ya kira sunana sau uku. Na ce, “Oga, laifina ne, na buga abin da ban gane ba.” Na tsaya a nan. Ban ce reshen a buɗe yake ba tare da kariyar da ke hana danne tarihi ba, alhali kunna ta aikin minti biyu ne kuma haƙƙinsa ne. Ban ce a hannunsa na ga umarnin ba. Shi ma bai faɗa ba, har yau.

A makon na mayar da manhajata, kuma na zauna na koyi umarnin da gaske, ba hadda ba. Yanzu tarihi da rikicin haɗe rassa a zane nake duba su, da zaɓen layukan da za su shiga komit. Neman komit ɗin da ya kawo matsala kuwa sai git bisect, haka aiki a kan saba inda babu linzami sam. In tilas ta sa zan danne tarihi, --force-with-lease nake bugawa, domin yana ƙin wucewa idan wani ya tura abin da ban janyo ba. Kuma duk manhajar da take ɓoye janyowa da turawa a ƙarƙashin maɓalli ɗaya ba tare da ta nuna min umarnin da take bugawa ba, ba na sakin jiki da ita.

Sauran darussan ƙanana ne: komit kaɗan-kaɗan, saƙo mai ma'ana, kada a tura aiki ana tsaye a kanka.

Yarinyar da za ta karɓi aikina ta zo da irin manhajata, na ga tana rufe ta da sauri duk lokacin da Oga ya taso. Na ce mata, “Ƙanwata, bar ta a buɗe, ki buɗe baƙin allon a gefenta.” A takardar miƙa aiki kuma, layin farko da na rubuta shi ne cewa reshen develop yana da kariya, ni na kunna ta da daren wannan Alhamis, kada a cire.