Abin da Tsibin Tagulla Ya Koya Mini a Hamadar Atakama

Lokacin da na fara aikin kula da tsayuwar tsibin duwatsu a wata mahaƙar tagulla da ke yankin Antofagasta a arewacin Chile, na ɗauka girgizar ƙasa ce babbar abokiyar gabata, domin mutanen wurin ba su manta da wadda ta afka wa Tocopilla a shekarar 2007 ba. Ashe ruwan da mu da kanmu muke zubawa ne zai hana ni barci.

Tsarin aikin ba shi da wuyar bayani. Ana farfasa dutsen, a cuɗa shi da asid domin garinsa ya manne da tsakuwa, sannan a jibge shi hawa-hawa a kan shimfiɗar roba mai kaurin milimita ɗaya da rabi zuwa biyu. Daga sama ana ɗiga ruwan asid, shi kuma ya ratsa tsibin ya narkar da tagullar, ya gangaro cikin bututun da ke ƙasa.

Kuskurena shi ne na amince da gwajin da aka yi wa sabon dutse kafin a jiƙa shi. Asid yana cin dutsen, bayan watanni tsakuwar ta ruɓe ta zama laka, nauyin sababbin hawa kuma ya danne na ƙasa har ƙofofin da ruwa ke bi su toshe. Wata safiya muka tarar da ruwa ya kwanta a sama, gindin gangaren yana tsatstsafo, na'urorin auna matsin ruwa kuwa sun kwana biyu suna hawa, ni ina cewa sun lalace ne. Ruwan da ya taru a ciki yana rage riƙon da duwatsu ke yi wa juna, kuma wurin da ya fi rauni shi ne inda tsibin ya haɗu da robar, saboda santsinta.

Muka tsayar da ban-ruwa a wannan ɓangare, muka tokare gindin da manyan duwatsu. Masu lissafin abin da ake fitarwa ba su ji daɗi ba, ban kuma ga laifinsu ba. Da labarin zaftarewar irin wannan tsibi a mahaƙar zinariya ta Çöpler da ke Turkiyya ya zo a Fabrairun 2024, inda ma'aikata tara suka rasu, wannan safiyar ce ta faɗo mini a rai.

Yanzu ba na sa hannu a ƙara wani hawa sai an haƙo samfur daga dutsen da asid ya riga ya ci, an sake gwada ƙarfinsa da yadda ruwa ke ratsa shi.