Wanda bakinsa ke buɗe ba ya iya cewa a dakata

Assalamu alaikum ƙannena masu karatun likitancin haƙori a gida, da waɗanda suka fara aiki.

Daga Birmingham nake rubuto muku. Sanyi ya kankama, ƙarfe huɗu na yamma duhu ya rufa.

Na zo Ingila ina tinƙaho da hannuna. Na cire haƙora ba adadi a gida, ciko kuwa ko ido a rufe. Sai ga jarrabawar ORE, wadda hukumar likitocin haƙori ta nan, GDC, ke yi wa irinmu da muka yi karatu a waje. A kashi na biyu akan zaunar maka da ɗan wasan kwaikwayo a matsayin majiyyaci, ka yi masa tambayoyi, ka tsara magani. Da muke gwaji da wata abokiyar karatu, na zuba mata bayani tiryan-tiryan. Ta ce, "Ka gama? Tun ɗazu na gaya maka tsoron allura nake ji, ko kallona ba ka yi ba." Raina ya ɓaci, amma gaskiyarta.

A ƙa'idoji tara da hukumar ta fitar a 2013, na biyu shi ne iya magana da majiyyaci, na uku samun yardarsa ta haƙiƙa. A 2015 kuma Kotun Ƙolin Birtaniya, a shari'ar Montgomery, ta ce wajibi ne likita ya bayyana duk haɗarin da mai hankali, in yana matsayin majiyyacin, zai so ya sani. Sa hannu a takarda kawai bai wadatar ba.

Amma ba doka ce ta gyara ni ba. Kogo ne ya kama ni a turmin haƙori, na kwanta a kujerar da kaina. Wanzami ba ya son jarfa! Fitila a ido, bututun zuƙar yawu a gefen harshe, ƙarar injin har cikin ƙwaƙwalwa. Zafi ya zo, na so in yi magana, babu hali. Ranar na gane cewa mutumin da muke aiki a bakinsa mun karɓe masa magana. Tun daga nan ba na taɓa kowa sai mun yi yarjejeniya: in ka ɗaga hannun hagu zan tsaya. Kuma ina tsayawa, ko da saura kaɗan in gama, don in ka saɓa sau ɗaya ba zai ƙara yarda da kai ba. Yaro kuwa sai na gaya masa, na nuna masa ƙaramin madubin duba haƙori a hannunsa ya juya shi, sannan in sa a bakinsa.

A gida abin ya fi nauyi, saboda kunya da dauriya. Dattijo zai riƙe hannun kujera gam, gumi na zuba, ka tambaye shi ya ce "ba komai, likita." Ƙafafunsa za ku duba. Kuma kun san mutanenmu ba sa zuwa sai kumatu ya kumbura, an gwada kanumfari da ruwan gishiri an gaji. In ka tare shi da "sai yanzu ka ga damar zuwa?", gobe wajen wanzami zai nufa. Ku gaishe shi yadda aka koya mana a gida: Baba, ya jiki, ya hanya? Da Hausa za ku yi masa bayanin wanke jijiyar haƙori, ku faɗi kuɗin tun kafin a fara, ku bar shi ya zaɓa ko da cirewa ya zaɓa.

Na san layi na da tsawo, ga wuta na ɗaukewa ana tsakiyar aiki. Yarjejeniyar ɗaga hannun nan ba ta cin minti ɗaya. Ku gwada ta a kan majiyyacinku na farko ranar Litinin.

Ku gaishe min da malamanmu.

Yayanku, daga Birmingham