Abin da Goggo ta koya mini a Kejetia

Shekara uku ke nan ina sayar da atamfa a kasuwar Kejetia, nan Kumasi. Da farko, mai saye na tsayawa sai in hau yabon kaya ba ƙaƙƙautawa, har ta gaji ta wuce. Ran nan Goggona, wadda ta ba ni jari, ta ce, "'Yata, rage surutu. Tambaye ta hidimar da ke gabanta."

Jiya wata Hajiya daga Aboabo ta ɗaga atamfar GTP mai yadi 12, ta shafa, ta ajiye. Na tambaye ta. Ashe sunan jikarta ne ranar Asabar, kuɗin kuma bai kai ba. Na yanka mata yadi 6, ta biya ta MoMo, wato ta turo kuɗin ta waya. Bayan la'asar sai ga ƙanwarta, wai ita shuɗi take so.